Shekarar Da Lamba Ba Ta Kama Ba

Ku 'ya'yana, akwai wata magana da kuka taso kuka tarar tana yawo a danginmu, wai mahaifiyata Inna ita ce ta ɓoye yayarku Asabe a cikin rumbu ranar da masu lamba suka je ƙauye, shi ya sa agana ta kashe ta. Kun ji ta a bakin dangin mahaifiyarku na Hunkuyi, kun ji ta wurin suna da wurin biki, har na taɓa jin ɗayanku yana karanta wa matarsa ita kamar ya haddace a allo. To, ƙarya ce. Na daɗe ina so in faɗa muku da baki, amma duk ranar da na tara ku sai in ɓige da faɗan gona ko na kuɗin makaranta. Ga shi yau na rubuta, tunda takarda ba ta kallon mutum a ido.

Jikokina ba su san agana ba, Allah kada ya sanar da su. Ciwo ne na ƙuraje, yana zuwa da bazara, ya shiga gida ya ɗebi yara, waɗanda ya bari kuma ya zane musu fuska ko ya tsiyaye musu ido. Tsofaffi ba sa ma son kiran sunansa, sai su ce ado ya fito wa wane. Rigakafinsa shi ne lamba: a ɗan tsaga fatar dantse a shafa ruwan magani. In ta kama, sai wurin ya tashi ya yi ƙurji, ya warke ya bar tabo, shi ke nan mutum ya tsira. In ba ta tashi ba, daidai yake da wanda ba a taɓa ba.

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba aka turo ni Tudun Marke, a ƙasar Makarfi wajen Gubuchi, ina malamin tsafta, wanda mata ke kira duba-gari. Ba aikin farin jini ba ne. Mutumin da zai shiga gidanka ya leƙa randarka ya leƙa salgarka, ko ɗan'uwanka ne ba za ka yi murnar sallamarsa ba. Ina da gajeren wando na kaki da keke da littafi, ina kuma jin kaina fiye da yadda ya kamata. A shekarar ce takarda ta zo cewa kowane dagaci ya kafa kwamitin lafiya, mutanen gari su zauna da ma'aikata su tsara abin da ya dame su da kansu. Dagacinmu dattijo ne mai sanyin hali, sa'an mahaifina, ya kuma san ni tun ina yawo ba wando. Ya tara liman, da Sarkin Aska shugaban wanzamai, da ungozomar gari wadda ke zama daga bakin ƙofa, da Malam Yohanna mai kula da ɗakin shan magani, Kirista ne mutumin kudancin Zariya. Ni kuma aka ba ni alƙalami. Duk ranar Litinin da hantsi muna zaune a zauren dagaci.

Kada ku ji an ce kwamitin nan zaman shan inuwa ne. Mun yi wa rijiyoyi uku baki da aikin gayya, mun ɗage mahauta daga gefen kududdufi bayan an kusa ba hammata iska da Sarkin Fawa. Abin da ya fi komai shi ne shigar wanzamai cikin aikin lamba. A da, da an hango kakin ma'aikata sai a watsa yara cikin rumbuna da dawa. Malam Yohanna ne ya ce, tunda wanzami ne ke yi wa yaro aski da kaciya, ba uwar da ke gudunsa, me zai hana shi ya riƙa shiga gidaje yana fito da su? Sarkin Aska ya yarda, amma da aka ce a fara da shi a gaban jama'a sai ya ce hannunsa na aiki ne, a bari sai an kwana biyu. Dagaci ya yi dariya har rawaninsa ya goce, ya ce da ma wanzami ba ya son jarfa. Sai da liman ya riƙe masa hannu. Na so zaman nan ƙwarai, ina ganin mun gane hanyar da za a gyara duniya.

A lokacin 'yata ɗaya ce, Asabe, 'yar fari. Da aka yaye ta aka kai ta wurin Inna a ƙauyenmu, Hayin Gawo, wanda rafi ya raba da Tudun Marke. Inna kuwa ta riƙe abarta ta hana. Ku da kuke ɗora 'ya'yanku a wuya kuna shiga kasuwa da su, ba za ku gane yadda muke da ɗan fari ba. Ba ka kiran sunansa, ba ka ɗaukarsa a gaban mutane, in an yi zancensa sai ka kau da kai kamar ba da kai ake ba. Wanda ya nuna kulawa da ɗan farinsa a gaban manya, an gama da shi, za a ce ba shi da kunya. Ni kuwa a wannan fanni har yabona ake yi. In na je gaida Inna, yarinyar nan ta rugo ta kama mini ƙafar wando, sai in ce wa Inna ta janye 'yarta. Malam take ce mini, kamar yadda ta ji kowa na faɗa.

Da zafi ya tsananta, hadari ya fara haɗuwa yana bajewa, sai labari ya zo cewa agana ta ɓulla wajen Ikara, kuma mutanen can suna cin kasuwar Makarfi tare da namu. Malam Yohanna ya hau keke ya bi sawu har ya samo alkawarin ruwan lamba daga Zariya. Ya gaya mana a zaure cewa maganin nan ba ya jure zafi. Yana zuwa cikin gora mai riƙe sanyi, in ya yi kwana huɗu a irin wannan rana ƙarfinsa ya fara tafiya. Wurare huɗu ne a gabanmu: cikin gari, Unguwar Maƙera, rugar Fulani da ke gangare, da Hayin Gawo. Kwana huɗu, wuri huɗu. Abin da ya rage shi ne a tsara wanda za a fara da wanda zai biyo baya.

Ba a ma yi gardama ba da farko. Sarkin Aska ya ce a fara da Hayi, domin in ruwan farko ya sauka rafin nan ba ya hayuwa, sauran wuraren kuwa ko ana tsuga ruwa ana zuwa. Liman ya ce haka ne. Na tsoma alƙalami har na rubuta Hayin Gawo a layin farko. Ban dai ji daɗin ganin sunan ƙauyenmu a sama da rubutun hannuna ba, sai na ce, don a ji na ce wani abu, ko cikin gari bai fi yawan jama'a ba? Malam Yohanna ya ɗago kai ya dube ni da mamaki.

"Haba Malam Haladu, kai ne za ka faɗi haka? Ba 'yarka Asabe tana can ba?"

Liman ya sunkuya yana jan carbi, ungozoma ta rufe baki da gyale tana ƙunshe dariya. Sarkin Aska, da yake shi bakinsa ba ya shiru, ya ce:

"Likita, ka tsaga inda ba a shafa ruwa ba."

Aka fashe da dariya. Ba dariyar mugunta ba ce, irin wadda ake yi wa ango ce. Amma ni ji na yi kamar an tuɓe ni a kasuwa. An kira sunanta, an jingina ta da ni, a gaban abokin mahaifina. Na ga kamar duk wanda zai ga takardar nan zai ce duba-gari ya ɗauki maganin jama'a ya fara da gidansu. Na gyara zama na ce:

"Ranka ya daɗe, ni ba ni da kowa a Hayi da ya fi 'ya'yan mutane. Cikin gari ne hanyar kasuwa, nan ciwo zai fara shiga. Hayi a bar shi ƙarshe."

Dagaci ya dube ni ya ce:

"Haladu, ruwa fa?"

"Ruwa da saura, ranka ya daɗe. Ko iskarsa ba ta fara ba."

"To, kai ne malamin. Rubuta yadda ka gani."

Na soke layin farko na mai da shi na huɗu. Ban san komai game da ruwa ba fiye da jakin da ke ɗaure a ƙofar zauren. Na faɗa ne kawai don a daina kallona. Har na hau keke na koma gida ina jin na fita kunya, ina yaba wa kaina.

Aikin ya tafi yadda muka tsara. Cikin gari wanzamai suka yi ta fito da yara, Unguwar Maƙera ma haka, Fulani suka zo da nasu har da ƙwaryar nono. A rana ta uku da la'asar, muna dawowa daga ruga, gabas ta haɗe ta yi baƙi ƙirin. Kafin mu kai gari an kece da ruwa irin wanda ke karya rassa. Washegari muka isa bakin rafi da kekunanmu, ni da Malam Yohanna da Sarkin Aska, muka tarar ya cika ya tumbatsa yana jan itatuwa. A cikinmu ba mai iya ruwa. Daga inda muke tsaye ina hango mutanen Hayi sun taru gindin gawo a ƙetare, mata da goyo, domin an yi musu shela tun shekaranjiya. Muka ɗaga musu hannu, suka ɗaga mana. Kwana biyu muna zuwa muna komawa, Malam Yohanna yana naɗe gorar magani da jiƙaƙƙen tsumma yana sa ta ƙarƙashin randa.

A rana ta shida muka haye, ruwa iya ƙirji, gora a kan Sarkin Aska. To, ku saurara da kyau, nan ne wurin da aka yi wa kakarku ƙarya. Mutum na farko a layi ita ce Inna. Ta yi wa yarinyar wanka, ta shafe ta da man gyaɗa, ta ɗaura mata ɗan zanen saƙi, ta riƙo ta a hannu. Maƙwabta sun gaya mini kwana uku ke nan tana kawo ta gindin gawon nan tun da sassafe, sai rana ta take su koma. Ta ce wa Malam Yohanna:

"Likita, fara da wannan, ta gaji da jira. Ni nawa adon na yi shi tun ina budurwa, ga shaida a fuskata."

Malam Yohanna ya miƙo mini allurar tsagawa, na yi kamar ban gani ba ina buɗe littafi. Shi ya yi mata. Ta yi ɗan kuka, Inna ta sa mata ƙuli-ƙuli a hannu ta yi shiru.

Bayan mako guda muka koma dubawa. A cikin gari kowane yaro dantsensa ya tashi. A Hayi kuwa fata ta haɗe sumul kamar ba a taɓa ba, sai ɗaiɗai. Na ga na yarinyar da idona daga nesa, Inna ta ɗaga hannun tana nuna wa likita. Maganin ya mutu a gora. Malam Yohanna ya aika Zariya neman wani, aka ce sai an jira zagaye ya dawo. Kafin ya dawo, wani mai sayar da dawa ya komo Hayi daga kasuwa da zazzaɓi.

Kwamitinmu yana da doka, ni na rubuta ta: wanda agana ta kama a fitar da shi bukka bayan gari, kada kowa ya je sai wanda ya taɓa yi ko mai tabon lamba, mai ciki kuwa ko kusa. Mahaifiyarku Saude, Allah ya jiƙanta, tana da cikin babbanku wata bakwai. Da aka aiko cewa yarinyar ta kwanta, ta ɗauki mayafi ta tsaya a tsakar gida, ba ta ce za ta ba, ba ta ce ba za ta ba, domin ita ma kunyar da ta ɗaure ni ta ɗaure ta. Na ce mata doka ta hana. Ta ninke mayafin ta mayar ɗaki. Ba ta ƙara ganin 'yarta ba.

Ni na je da littafina a matsayin ma'aikaci. Bukkoki biyar ne a bayan Hayi, na bi su ɗaya bayan ɗaya ina tambaya ina rubutawa, na bar tasu ƙarshe. Inna tana zaune tana kore wa yarinyar ƙuda da ganyen darbejiya. Ba zan kwatanta muku yadda na same ta ba. Idanunta sun rufe, muryarta ta dishe. Na tsuguna daga bakin ƙofa na tambayi Inna ko tana shan ruwa, kamar yadda na tambaya a sauran bukkokin. Inna ta dube ni, ta miƙe ta ɗauki tulu.

"Bari in je rafi in dawo. Zan daɗe, ƙafar nan ta matsa mini."

Randar da ke gefenta cike take har baki. Na jira sai da na daina jin takunta, sannan na ajiye littafin na shiga na ɗauki 'yata. Ranar ce ta farko da na taɓa ɗora ta a cinyata. Ba ta da nauyi ko kaɗan, jikinta kamar garwashi. Na kira sunanta a hankali, na sake kira. Ta motsa baki ta ce, "Inna?" Ba ta san muryata da wannan sunan ba. Na yi kuka irin wanda ban taɓa yi ba, ban kuma sake yin irinsa ba. Bayan kwana biyu ta rasu da hantsi. Yara huɗu aka binne a Hayi a wannan bazarar, cikin gari kuwa ba ko ɗaya.

Wurin zaman makoki ne maganar ta tashi. Dangin mahaifiyarku sun zo daga Hunkuyi, ba su san Hayi ba, ba su san rafi ba. Ina zaure ina karɓar gaisuwa na jiyo wata gwaggon mahaifiyarku daga cikin gida tana cewa, ta yaya 'yar mai lamba za ta mutu da agana? Ai sai dai in tsohuwar ce ta ɓoye ta, da ma halin mutanen ƙauye ne. Inna tana zaune a wurin, tabarma ɗaya. Na saurara in ji ta kare kanta, ban ji komai ba. Ni kuwa da kalma biyu za su ishe ni in wanke ta, na ci gaba da amsa "Allah ya ba da haƙuri" da "amin". A zaman kwamiti na gaba dagaci ya yabe ni a gaban kowa, ya ce ga ma'aikacin da bai fifita nasa a kan na mutane ba. Na sunkuyar da kai, suka ɗauka tawali'u ne. Da muka fito Malam Yohanna ya tare ni gindin bango idonsa jawur, ya ce ya san kunyarmu sarai, ya dai zaci in ya ambaci yarinyar zan yi shiru a bar tsarin yadda yake. Ya roƙe ni gafara. Shi ya roƙe ni, ku ji fa. Na ce masa ba komai, kamar ni aka yi wa laifi.

Da damina ta yi nisa na je Hayi na sami Inna tana tsinke rama. Na ce mata zan je Hunkuyi in faɗi yadda aka yi. Ba ta ɗago ba.

"In ka faɗa musu maganin gwamnati ya mutu a hannunku, wace uwa ce za ta sake miƙo muku hannun ɗanta?"

"Inna, sunanki ake ɓatawa."

"Sunana ya gama aikinsa, naka ne ke ci da iyali. Bar su su yi."

Maganarta da gaskiya a ciki, amma ba don gaskiyar na karɓa ba. Na karɓa ne domin ta ba ni inda zan ɓuya. Ɗan kuka mai jawo wa uwarsa jifa, ni ne. Ta yi shekara goma sha wani abu bayan haka, ba a ƙara kai mata yayen ko ɗayanku ba, ba ta kuma taɓa tambaya ba. In kun je gaishe ta da Salla takan tsaya daga nesa tana kallonku, ku kuna ce mata tsohuwa mai ɓoye yara kuna gudu.

Na zaci mahaifiyarku ta tafi a kan abin da danginta suka faɗa. Ashe ungozoma ta kwashe duk abin da ya faru a zauren dagaci ta gaya mata tun ranar da ta karɓi haihuwar babbanku. Ta riƙe a cikinta, tana dafa mini tuwo, tana wanke mini kaki. Sai da muka tsufa, na yi ritaya, wata rana da kaka muna zaune a inuwar rumbu tana ɓarar gyaɗa ina taya ta, ba zancen da muke yi, sai ta ce:

"Malam, in tambaye ka?"

"Ina ji."

"Ranar nan, da ka bar su sun fara da Hayi yadda suka ce, wa zai zage ka?"

Na tuna fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, dagaci da liman da Sarkin Aska, duk sun riga mu gidan gaskiya. Na ce:

"Babu kowa. Da an yi dariya an tashi."

Ta gyaɗa kai, ta zuba 'ya'yan gyaɗar da ke hannunta a ƙwarya.

"Ni ma haka na lissafa," in ji ta. "Shekara arba'in ina so ka ce mini akwai."